Mun Koya Musu Karatu, Me Muka Ba Su Su Karanta?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ikkilisiyoyinmu. Ba a rubuta ta a tsarin mulkin kowace ɗarika ba, ba a kuwa taɓa zartar da ita a zaman majalisar dattawa ba, amma tana da ƙarfi kamar doka. Maganar ita ce wai mai bi na ƙwarai ba ya karanta littafin ƙagaggen labari, domin ƙagaggen labari ƙarya ne, uban ƙarya kuwa kowa ya san shi. Da wannan hujja ce uwa takan fizge littafi daga hannun 'yarta ta jefa a murhu, da ita ce kuma mai wa'azi yakan tsaya a taron matasa ya zuba littattafan hira da giya da caca cikin kwando ɗaya. Mu a wannan shafi muna ganin an yi kuskure a nan, kuma kuskuren yana cin ikkilisiya tsada fiye da yadda ake zato.

Idan ba mu manta ba, ikkilisiya ce ta kai karatun boko ƙauyuka masu yawa na ƙasar nan tun gwamnati ba ta san hanyarsu ba. A wurare da dama ajin baftisma da ajin koyon karatu abu ɗaya ne, malami ɗaya, rumfa ɗaya. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Berom da Ngas da Bajju da Atyap da Tangale da Lelna da Maguzawan Kano da Katsina, kowa da harshen gidansu, suka haɗu a kan Hausa suna karanta Maganar Allah da ita. Kakanninmu sun koyi a, ba, ca da furfura a kansu don kada sai wani ya karanta musu. To yau fa? Duk katikis ko mai bishara da ke riƙe da majami'ar Hausa ya san wahalar da ake sha ranar Lahadi kafin a sami matashin da zai tashi ya karanta darasi ba tare da tuntuɓe ba. Yaro ya gama sakandare, yana jin Hausa kamar jakin Kano, amma a ba shi aya goma daga Romawa sai ka ji yana cin karo da kalmomi, ya tsaya inda ba a tsayawa, ya wuce inda ya kamata ya numfasa, jama'a kuwa su fita ba su kama kan zancen ba. Sai mu ce yaran zamani ba su da himma. Ba mu tambayi kanmu ba, tun da yaron nan ya iya haɗa baƙaƙe, wane littafin Hausa muka taɓa sa masa a hannu wanda ya hana shi barci don yana so ya ji ƙarshensa? Karatu kamar noma ne, hannu ba ya sabawa da fartanyar da ake ɗauka sau ɗaya a mako.

Bari mu fara da ita kanta hujjar, mu auna ta da Littafi Mai Tsarki. Ku buɗe 2 Sama'ila sura 12. Sarki Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa an kashe mijin a bakin daga, kuma babu wanda ya isa ya tunkare shi da maganar. Da Ubangiji ya aiki annabi Natan, Natan bai shiga fada da jerin dokoki ba. Labari ya kawo, na wani attajiri mai garkuna da wani matalauci mai 'yar tunkiya guda ɗaya tak, wadda ya rena tare da 'ya'yansa tana ci daga ƙwaryarsa. Attajirin ya yi baƙo, ya ji ƙyashin taɓa garkensa, ya kama ta matalaucin ya yanka. Dawuda ya husata, ya yanke wa mutumin hukunci da bakinsa, sa'an nan Natan ya sanar da shi cewa kansa ya yanke wa. Babu wannan attajiri a Urushalima, babu tunkiyar. Natan ya yi ƙarya ke nan? Da ya zo kai tsaye, da sarki ya sami abin kāre kansa, gama kowane mai zunubi yana da amsa a shirye. Labarin ne ya bi ta bayan gida ya iske lamirin sarki bai yi shiri ba.

Haka Yotam ya hau dutse a Littafin Mahukunta sura 9 ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka fita neman sarki, zaitun da ɓaure da kurangar inabi suka ƙi, ƙaya ta karɓa. Itatuwa masu magana, jama'a, a cikin Littafi Mai Tsarki! Ubangijinmu Yesu kuwa ba sai an faɗa ba. Basamariye mai kirki, ɗan da ya ɓatar da gādonsa, gwauruwa da alƙali marar tsoron Allah, duk da labari ya koyar. Har a cikin misalansa akwai 'yan fashi da karuwai da wakili mai ha'inci, bai tsabtace duniya kafin ya sa ta cikin labari ba.

Maƙaryaci yana so ka gaskata abin da bai faru ba don ya cuce ka. Mai ba da labari kuwa ya gaya maka tun farko cewa labari ne, kai ma ka yarda ka zauna. Ko tsohuwa mai tatsuniya da dare tana da kalmar buɗewa da kowa ya sani, tana kuma rufewa da ƙurunƙus, babu yaron da ke tashi da safe yana neman gidan Gizo.

Mun san ayoyin da ake kawowa. Akwai gargaɗin Bulus ga Timoti a kan tatsuniyoyin banza, amma wanda ya karanta wasiƙar daga farko zai ga cewa da masu koyarwar ƙarya yake, waɗanda ke shigo da almara cikin ikkilisiya suna cewa ita ce bangaskiya. Akwai kuma Ayyukan Manzanni sura 19, inda aka ƙona littattafai a Afisa har kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Littattafan sihiri ne waɗannan, kuma masu su ne suka kawo da hannunsu bayan sun tuba, ba a bi gida gida an ƙwace ba. Shi Bulus ɗin da ya tsaya a Atina sai ga shi yana kawo maganar mawaƙan Helenawa a cikin wa'azinsa, alamar ya karanta su. Musa ya koyi dukan ilimin Masarawa. Daniyel da abokansa sun ƙi abincin sarkin Babila, amma ba su ƙi littattafan Kaldiyawa ba, har suka fi 'yan ƙasa ƙwarewa a cikinsu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda muka manta cewa da hannunmu a cikin kafa rubutaccen labarin Hausa na boko. Wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bauta aka kuma 'yanta, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da mai mishan J. F. Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa, aka buga su cikin Magana Hausa a 1885. Bayan haka a 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya zaga yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Wannan na ƙarshe East ya rubuta shi ne tare da John Tafida, ɗan Wusasa, garin da jama'ar mishan ta Likita Miller suka koma daga cikin birnin Zariya a 1929. Wato cikin biyar na farko, ɗaya daga gidanmu ya fito.

Muna roƙon duk fasto ko dattijon da ke shakkar maganarmu ya nemi Jiki Magayi ya karanta, ba shi da tsawo, zaman yamma ɗaya ya isa. Malam Shehu attajiri ne marar haihuwa, ya sa dukiyarsa ya raba Abubakar da Zainabu wadda aka yi musu alkawari tun suna yara. An zalunci Abubakar, wannan babu musu, kuma mai karatu yana tare da shi a farko. Amma sai ya bar gida da sana'a ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ya sha wuyar da ta nakasa shi, ya samo sammu ya sa wa ɗan da Zainabu ta haifa, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaron ya tashi ɓarawo, har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa. Shi Abubakar ɗin kuma bai ci ribar komai ba. Sau nawa muka yi wa'azi a kan Romawa sura 12, cewa ramako na Ubangiji ne, jama'a suka ce amin suka fita da ƙullinsu a zuci? Wanda ya bi Abubakar shafi bayan shafi yana kallon yadda ƙiyayya ke cinye mai ita ya ga abin da ayar ke nufi da idonsa. A ƙasar da kusan kowane gari yake da kabarin da ake nuna wa yara ana cewa ga abin da suka yi mana, muna ganin wannan ɗan littafi ya cancanci zama a kowane ajin matasa.

Shaihu Umar ma haka. Labarin yaro ne da aka sace aka bi da shi Sahara, da uwarsa wadda ta bi sawunsa ita kaɗai har ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Yawancinmu jikokin mutanen da aka kai wa irin wannan hari ne, shi ya sa kakanninmu suka hau duwatsu. Ga shi wani malamin makaranta Musulmi daga Bauchi, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, ya zauna ya rubuta zafin abin ta bakin uwa. Ya kamata 'ya'yanmu su san an rubuta wannan, su kuma san wanda ya rubuta.

Ba duka ne masu nauyi haka ba, kuma ba laifi ba ne mai bi ya yi dariya. Wanda bai taɓa bin Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yi wa juna tsiya gari gari a Ruwan Bagaja ba, an yi masa ƙwange a Hausa. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937 cikin littafi uku, Imam ya ɗebo labaransa daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne, ya kuwa sa su a bakin aku. Mai son labarin sararin sama akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo tun 1969. Mai son siyasa ya nemi Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell, inda dabbobi suka kori mai gona aladu suka gāje kujerarsa da halinsa. Ba ma bukatar mu gaya wa ɗan Nijeriya abin da ake nufi. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo yana magana da duk saurayin da ke ganin barin ƙauye shi ne arziki. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona fasa-ƙwauri da cin hanci. Ga wasan kwaikwayo, ga labarin jarumta, ga na bincike. Rumbu ne cike, mu ne muka ɗaure ƙofarsa muka ce babu hatsi.

A nan wani zai ce, to, waɗannan tsofaffi ne masu mutunci, amma littattafan soyayya na kasuwar Kano fa? Gaskiya ne, tun daga wajen tsakiyar shekarun 1980 aka cika kasuwa da ƙananan littattafai da marubuta ke bugawa da kuɗin aljihunsu, kuma ba za mu ɓoye ba, da yawa cikinsu ba su da abin kirki. Mota da gidan bene da saurayi ɗan attajiri, a gama wannan a ɗauki wancan, duk miya ɗaya ce. Akwai ma waɗanda ba za mu so a gani a ɗakin 'yarmu ba. Amma ba a yi wa kasuwa duka kuɗin goro. A cikinsu ne Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi wadda miji ya kora da 'ya'ya tara don ya kawo wata, ta shiga sayar da abinci tana riƙe su. Wace Zumuntar Mata ce ba ta da Rabi a cikinta, ko da a ce tamu ba a kore ta da takarda ba, an dai bar ta da yara an tare a gidan burukutu? Littafinta Wa Zai Auri Jahila? yana faɗa ne da cire yarinya daga makaranta a yi mata aure, faɗan da mu ma muke yi. Kafin su, Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, a kan auren da dangi suka ƙi saboda bambancin asali, abin da har gobe yake raba gidaje a cikin majami'a ɗaya.

A 2007 an tara irin waɗannan littattafai an cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano. Rubutun bai tsaya ba. Ya bar takarda ne ya koma cikin waya, inda ake tura shi babi babi ta WhatsApp, wasu kuma ana karanta su da murya ana saurara. Wannan ya kamata iyaye su gane da kyau. Littafin takarda yana da bango, kana iya ganinsa a kan gado, ka ɗauka ka duba, ka tambayi yarinya me ta gani a ciki. Na cikin waya ba ya da bango, kuma mafi muninsu can suke, inda babu edita babu kunya. Uwar da ta ƙona littafi ba ta hana 'yarta karatu ba, ta dai fitar da kanta ne daga cikin zancen. Abin da zai tsare yarinya shi ne ta saba da mai kyau tun tana ƙarama har harshenta ya iya bambancewa, kamar yadda wanda ya tashi da man shanu na gaske ba a sayar masa da gauraye. Ma'aunin da Bulus ya ba Filibiyawa a sura 4 yana nan, amma ma'auni na mai aunawa ne, sai an buɗe littafi an karanta kafin a ɗora shi a kai.

Ga 'ya'yanmu da suka yi nisa a Turanci kuwa, ƙofar ta fi faɗi, kuma za su tarar da 'yan'uwa a ciki. John Bunyan, mai gyaran tukwane a Ingila, ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford saboda wa'azi ba da izinin hukuma ba, ya fito da Pilgrim's Progress a 1678, labarin mutum mai kaya a baya yana gudu daga birnin hallaka. An fassara shi cikin harsuna fiye da 200. Ƙagagge ne daga farko har ƙarshe, ba mu kuwa taɓa jin wanda ya kira Bunyan maƙaryaci ba. Victor Hugo na Faransa, a Les Misérables na 1862, ya kawo mutumin da ya yi shekara 19 a kurkuku, asalin laifinsa satar burodi. Da ya fito kowa ya rufe masa ƙofa sai wani bishop, shi kuwa ya tashi da dare ya kwashe masa kayan azurfa. 'Yan sanda suka kamo shi, bishop ya ce kyauta ya ba shi, har ya ƙara masa da sandunan kyandir biyu. Sauran littafin duka a kan abin da wannan alheri ya mai da mutumin ne. Mun sha fama a ajin baftisma wajen bayyana ma'anar alheri, ba mu sami misalin da ya fi wannan saurin shiga ba in ban da na Ubangiji kansa. Dostoevsky na Rasha an kai shi har bakin harbi a 1849 kafin a sauya hukuncin, ya yi shekara huɗu a kurkukun Saiberiya da Sabon Alkawari a hannunsa. A littafinsa na 1866 wani ɗalibi ya kashe tsohuwa mai ba da bashi da gatari, yarinyar da talauci ya jefa karuwanci ce kuma ta karanta masa labarin tashin Li'azaru. Akwai kisa a littafin, akwai karuwa. Wanda zai hana shi saboda haka, sai ya fara cire labarin Kayinu da na Rahab.

Akwai kuma waɗanda za su sosa mana inda ba ma so. Chinua Achebe ɗan malamin ikkilisiya ne na C.M.S. a ƙasar Ibo, kuma Things Fall Apart na 1958 ya nuna zuwan bishara ta idon mutumin da ya ga ta raba shi da ɗansa. A ciki akwai mai mishan mai haƙuri da sauraro, akwai wanda ya gāje shi mai zafin kai da ya jawo wuta. Ba daɗi, amma duk wanda za a aika sabon fili da bishara ya kamata ya karanta shi kafin ya ɗaure kaya.

Yanzu ga inda ya fi mana ciwo. Ka ɗauki littattafan Hausa ka karanta, za ka shiga zaure da tsakar gida na maƙwabtanmu Musulmi, ka ji yadda suke neman aure da rabon gādo da kishi da makoki, ka ga uwa tana kuka a kan ɗanta kamar yadda tamu ke yi. Wannan riba ce babba, domin wanda ka zauna a ɗakinsa, ko da a takarda ne, da wuya a zo a gaya maka dodo ne ka yarda. To, su fa, wane littafi za su ɗauka su shiga namu gidan? Wa ya rubuta musu safiyar Kirsimati a ƙauye, ko gardamar sadaki tsakanin dattawan ikkilisiya da dangin amarya, ko matar mai bishara da ke noman gyaɗa don albashin miji ya yi wata huɗu bai zo ba, ko gidan da wa yake zuwa masallaci ƙane yana zuwa majami'a suna cin tuwo a kwano ɗaya? Tun bayan John Tafida, sai ka yi dogon nema kafin ka ga ƙagaggen littafin Hausa da aka san shi wanda ɗan ikkilisiya ya rubuta a kan rayuwar ikkilisiya. Mun wuce Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001, da abin da ya biyo baya wanda ba ya ƙirguwa. Rahotannin kwamitoci suna nan, kowa ya ƙirga gawarsa. Amma labarin maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabci a ƙarƙashin gado, ta wannan gefe da ta wancan, yana bakin tsofaffi ne kawai, suna kuwa tafiya da shi ɗaya bayan ɗaya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in mai ita ya yi shiru kuwa wani zai rera ta yadda ya ga dama.

Wasu ikkilisiyoyin Afirka ba su yi irin wannan sakaci ba. A Lesotho jaridar mishan ce ta riƙa buga labarin farko na Thomas Mofolo kashi kashi kafin ya zama littafi a 1907, kuma maɗaba'ar mishan ta Morija ce ta fitar da Chaka a 1925, ko da yake sai da rubutun ya yi shekaru a ajiye domin wasu cikin masu mishan ba su sake da shi ba. Masu jin tsoro ba yau suka fara ba. D. O. Fagunwa, wanda littafinsa na 1938 ya buɗe wa Yarbawa hanya, malami ne da ya fito daga kwalejin mishan ta Oyo. Mu kuwa ka shiga kantin littattafan addini a garuruwanmu ka tambayi abin da ke akwai da Hausa: Littafi Mai Tsarki, Littafin Waƙoƙi, jagorar Makarantar Lahadi, 'yan takardun wa'azi da aka fassara, shi ke nan.

Saboda haka muna kira ga majalisun dattawa. Ikkilisiyar da ta iya sayen lasifika huɗu da janareta, wadda matanta ke ɗinka anko sau biyu a shekara, ba za ta ce akwatin ƙarfe ɗaya da littattafai talatin sun fi ƙarfinta ba. A sa akwatin a ofishin majami'a, a ɗora shi a kan dutse saboda gara, a ba mutum ɗaya mai amana makulli da littafin rubuta sunan mai aro. A zaɓi mutum uku, cikinsu lalle da mace da matashi, su karanta kowane littafi kafin ya shiga, su karanta shi duka, kada su tsaya a hoton bango. Wanda suka ga na manya ne a rubuta a kansa. Wasu tsofaffin littattafan sai an sha nema, amma waɗanda ake karantawa a makarantu ana samunsu a Zariya da Kano da Kaduna da Jos. Zumuntar Mata kuma tana iya ware rabin sa'a bayan addu'a wata ta karanta babi ɗaya da ƙarfi saboda waɗanda idonsu ya raunana da waɗanda ba su yi makaranta ba, sa'an nan a tattauna. Za ku ga matan da ba su taɓa buɗe baki a nazarin Littafi Mai Tsarki ba suna da abin cewa a kan Rabi, daga Rabi kuwa hanya gajeruwa ce zuwa Hajaratu da Hannatu.

Makarantun Littafi Mai Tsarki su ma da nasu. Ana yaye mu da sanin tsarin wa'azi mai kai uku, amma ba a koya mana yadda ake riƙe hankalin mutum da labari, alhali kuwa yawancin Tsohon Alkawari labari ne. Ɗalibin da ya iya Turanci da Hausa sosai, me zai hana a ba shi fassara babi biyu na Hugo a matsayin aikin kammalawa? Mata masu baiwar rubutu kuma su sani Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata a 2016, ba a kuwa ce ta 'yan wani addini ce ba.

Mu ma ba za mu tsaya a kira ba. Daga fitowa ta gaba, in Ubangiji ya yarda, wannan shafi zai ware gurbi domin gajeren labari da Hausa daga masu karatunmu. Kada ya wuce kalma 1,200. A rubuta shi yadda za a iya karantawa, a ba katikis ko fasto ya aiko mana, ko a kawo ofis. Wanda Hausarsa ta Filato ce ko ta Adamawa kada ya ji kunya, ya rubuta yadda mutanensa ke magana, gyaran ƙa'idar rubutu aikinmu ne. Kada a sa sunan mutumin da ke raye ko a yi wa wani habaici da sunan labari. Roƙo ɗaya muke yi: kada a aiko mana da wa'azi an sa masa sunayen mutane. Idan mashayin da ke cikin labarinka ya tuba a shafi na biyu don kawai kana so ya tuba, za mu mayar maka ka sake zama da shi, ka gano abin da ya kai shi gidan giyar tun farko, da abin da matarsa ke faɗa wa yara idan bai dawo ba.